Jan Ƙyalle a Kan Rufi

Hukumar filin jirgi ta rufe ofishin duba yanayi, ta miƙa aikin ga wani kamfani da ke gari mai nisa. Aka sa kwaɗo a ƙofa, aka sallami mutumin da ke ciki.

Shekara talatin da ɗaya ina zuba wa jirage mai a wannan fili. Ƙaramin fili ne mai titi ɗaya, jiragen ma ƙanana ne, masu kai magani da ma'aikatan asibiti ƙauyukan bayan dutse. Hanyar zuwa can ɗaya ce, wani mashigi tsakanin duwatsu biyu.

Mutumin da aka sallama, Gajimare muke ce masa. Kafin matuƙi ya tashi sai ya hau bene wurinsa, Gajimare ya shimfiɗa masa taswira, ya ja layi da fensir. Yana da ma'aunai, amma idonsa ya fi su. In farin girgije ya kwanta a kafaɗar dutsen hagu da safe, ya san kafin awa guda mashigin zai toshe, ko da rana na ƙwalla a kanmu. Sai ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarfen baranda. Ni kuma in na ga ƙyallen ba na janyo tiyon mai. Ba wanda ya rubuta wannan doka. Ni da shi muka tsara, matuƙa suka saba.

Kamfanin ya kafa na'ura a kan sanda gefen titi. Matuƙi ya buga waya, wata murya ta karanta masa abin da na'urar ta auna. Mai muryar bai taɓa ganin dutsenmu ba. Na'urar kuwa abin da ke samanta kaɗai take gani.

Wata huɗu da yin haka, wani matuƙi da muke kira Dogo ya buga waya aka ce masa garau. Na ga girgijen a kafaɗar dutse. Na dubi baranda, ba ƙyalle. Na ce wa kaina ni mai tiyo ne, sama ba aikina ba ce. Na cika masa tanki. Kwana biyu aka yi kafin a sauko da gawarsa. Kamfanin ya aiko takarda cewa rahotonsa daidai ne ga filin. Daidai ne kuwa. Ba a filin ya mutu ba.

Wanda ya karɓi hanyar Dogo mijin 'yata ne. Kyaftin nake ce masa in ina jin daɗinsa, Direba in ba na ji. 'Ya'yansu biyu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

Wata safiya ya gama loda kwalayen magani, ya zo wurina waya na hannunsa.

"Baba, a cika min. Sun ce garau har azahar."

Na dubi dutsen. Girgijen na kwance inda na san shi. Na juya na dubi bayan shinge, inda gidan Gajimare yake. A kan rufin, a igiyar shanya, jan ƙyalle ɗaya na kaɗawa.

"Direba, ɗaga kanka ka duba can."

Ya duba, ya yi dariya. "Haba Baba. Shanya ce. Ko matarsa ba za ta wanke ɗankwali ba sai da izinin hukuma?"

"Ɗankwali ɗaya ake wankewa a gidan mutum tara?"

"To ko shi ne ya rataya, ai an sallame shi. Ba ma'auni gare shi ba yanzu."

"An karɓe masa idon ne ranar da aka sallame shi?"

Yaro ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya sake buga wayar, ya buɗe ta don in ji. Muryar ta gaishe shi da ladabi, ta karanta lambobi. Ya tambaya, mashigin fa? Ta ce ba ta da bayani a kan wannan wuri, amma rahoton fili yana da kyau, Allah ya kiyaye hanya.

"Ka ji," in ji shi. "Baba, maganin nan cikin ƙanƙara yake. Akwai masu jira."

"Na sani. Ranar Dogo ma akwai masu jira."

Manajan fili ya hango mu tsaye, ya taho yana duba agogo. Mutum ne da na sani tun yana ɗaukar wa mutane jaka.

"Dattijo, lafiya? Me ya tsayar da jirgi?"

Na nuna masa rufin.

"Wannan zancen ya wuce," ya ce. "Takarda ta ce a bi rahoton kamfani. Kai aikinka mai. In ba ka zuba ba sai na rubuta, kuma ka san abin da zai biyo baya. Shekarunka sun yi yawa da neman wani aikin."

Na san abin da zai biyo baya. Na ga yadda Gajimare ya sauko daga benen nan da butarsa da tabarmar sallarsa, ba wanda ya raka shi bakin ƙofa.

Mabuɗin famfon mai yana rataye a wuyana, inda yake tun kafin a haifi 'yata. Na kama shi, na tura cikin riga. Girgijen ya fara gangarowa daga kafaɗar dutse, a hankali. A kanmu rana ce tar.

Surukina ya matso, ya rage murya. "Baba, kar ka rasa aikinka saboda ni. In na ga ya toshe zan juyo."

"A cikin mashigin ba wurin juyawa. Ka fi ni sani."

Manaja ya miƙo hannu. "Ko ka zuba, ko ka ba ni mabuɗin."

Na dubi hannun, na dube shi.

"Ba zan zuba ba, kuma ba zan ba ka ba."