Kwaɗo Na Biyu a Kabad ɗin Jami'a

Ƙasimu maƙeri ya saka kwaɗo na biyu a kabad ɗin jami'a, a gaban malamanta, da amincewarsu.

A wata jami'a a Khartum akwai cibiya mai binciken ƙaura, wato yadda mutane ke tashi daga wata ƙasa su zauna a wata. Shugabarta Daktora Awadiyya ce, mace mai ganin girman manya. Ta tsallako Omdurman ta sami Ƙasimu a maƙerarsa. Ta ce tana son tsofaffinmu Hausawa su faɗi yadda kakanni suka taso daga yamma da niyyar hajji, suka tsaya cirar auduga a Jazira, har suka zama 'yan gari. Za a ɗauka a kaset.

Mutanenmu ba sa sakin baki a gaban na'ura. Ƙasimu ne ya bi gida gida da Daktora. Ya ce musu ajiya ce. Kowa a cikinmu ya san ajiya: ka ba mutum ya riƙe maka, ranar da ka nema ya miƙo, ba ya tambayar dalili. A kan haka suka yi magana.

Cibiyar ta ba shi kujera a kwamitinta. Kujerar tana jikin bango. Ana kawo masa shayi, ana jin ta bakinsa, amma in an zo ɗaga hannu ba a duba nasa. Kabad ɗin ƙarfe da aka jera kaset a ciki ma shi ya ƙera. Makullin yana ofis.

Sai wani jami'i ya zo daga wata ma'aikata, Ustaz Abdulganiyu, mai taushin murya. Ya ce suna son su saurari kaset ɗin don sanin yawan baƙi a ƙasa.

Ƙasimu ya tuna Sittana, tsohuwa mai sayar da gyaɗa a unguwar Dar Salam. Ta faɗa wa na'ura cewa mijinta marigayi Ishaku a hanya aka haife shi, can bayan iyaka, a goye aka shigo da shi. Ga jikanta Jibrin yana neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kuma in babu ita ba za a ɗauke shi aikin koyarwa ba. Ma'aikata na jin wannan magana, sai ta ce kakansa baƙo ne.

A zaman kwamitin, Ƙasimu ya miƙe daga jikin bango ya ce, “Ba naku ba ne da za ku ba shi.”

Mataimakin Daktora ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, “Ammi Ƙasimu, abin da aka ɗauka da na'urar jami'a na jami'a ne. Mun ji shawararka.”

Aka ɗaga hannu. Daktora ta ƙi, amma aka rinjaye ta. Aka ce Ustaz ya dawo a zama na gaba ya karɓa. Ƙasimu ya ajiye shayinsa bai taɓa ba, ya fita.

Ya rufe maƙera. Ya sake bin gidajen da ya bi a da. Sittana ya fara samu, tana gasa gyaɗa a cikin yashi.

Ta ce, “Kai maƙeri, guduma ta cinye maka kunne, yanzu ta cinye hankalin? Kai ka ce mana ajiya ce.”

“Har gobe ajiya ce. Ki zo ki nema.”

“Da waɗannan gwiwoyin?”

“Gwiwoyin da ke kai ki kowane biki a Omdurman.”

Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, ta ce za ta zo.

Ranar zaman, motar haya ta sauke su a ƙofar cibiya. Tsofaffi maza da sanduna, mata a naɗe cikin mayafi. Ba su yi hayaniya ba. Suka shimfiɗa tabarmi a baranda, wata ta hura gawayi ta ɗora gahawa, ƙamshi ya shiga har ɗakin taro. Ɗalibai suka tsaya kallo. Wasu suka gane kakanninsu, suka durƙusa gaisuwa da Hausar da ba su taɓa yi a cikin jami'a ba.

Daktora ta fito. Sittana ta ce, “'Yata, mun zo karɓar ajiyarmu. Kowa a ba shi muryarsa mu tafi.”

Mataimakin ya ce in aka kwashe kaset ɗin, me ya rage wa cibiyar?

Ƙasimu ya ce, “Kabad. Mai kyau ne, ni na ƙera.”

Aka koma ciki. Daktora ta jawo kujerar Ƙasimu da hannunta daga jikin bango zuwa teburi. Ta ce wa malaman cibiya ba ta rayuwa in ba a buɗe mata ƙofofin gidaje ba, kuma ga masu ƙofofin nan a baranda. Ta kawo shawara: mutanen unguwa su sami kujeru a teburi, a ƙirga hannunsu kamar na kowa, kuma kada a buɗe kabad sai da makulli biyu, ɗaya na jami'a, ɗaya na masu magana a kaset ɗin. Aka yi musu. Wani farfesa ya ce ba a taɓa yin haka ba. Wani ya leƙa taga ya ga tsofaffi sun fara sallar azahar a kan ciyawar jami'a, babu alamar tafiya. Aka ɗaga hannu. Shawarar ta wuce.

Ƙasimu ya zo da kayan aikinsa a jaka, don bai yi shakka ba. Ya huda ƙofar kabad, ya kafa maratayi, ya ɗana kwaɗo. Ya ja da ƙarfi don kowa ya gani. Bai sa makullin a aljihunsa ba. Ya fita baranda ya tambayi jama'a wa zai riƙe. Suka ce Sittana. Ta ɗaure shi a bakin mayafinta, ta yi ƙulli biyu.

Ana naɗe tabarmi Ustaz Abdulganiyu ya iso. Aka gaya masa abin da aka yanke. Bai ɓata rai ba. Ya zo ya rusuna gaban tsohuwar, ya tambayi lafiyarta da ta 'ya'ya.

Ya ce, “Hajja, sauraro kawai za mu yi, mu mayar. Ki ara mana makullin, ni da kaina zan kawo miki har gida.”

Sittana ta zuba masa gahawa ta miƙa. Ta jira sai da ya kurɓa.

Ta ce, “Ba zan bayar ba.”