Lahadin Ifrah

Ifrah 'yar maƙwabciyata ce, Basomaliya, amma a nan birnin Bergen aka haife ta, a tsakar ɗakina ta koyi tafiya. Ita da jikana Sindre suka nemi aiki a wani kamfanin jiragen ruwa. A makaranta, Allah na gani, ita ke jan shi. Kamfanin ya ce yanzu na'ura mai ƙwaƙwalwa ke tantance masu nema: ba ta ganin suna, ba ta ganin fata, ba ta san mace da namiji ba. Aka kira Sindre. Ita aka ba ta haƙuri.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Wace irin makauniya ce kullum hannunta kan ɗan gida yake sauka?

Na zaunar da su a kicin, ga kofi, ga burodi da jan cuku, na ce su maimaita mini tambayoyin da ke takardar neman aikin. Amsoshinsu kusan ɗaya, sai ta ƙarshe: me kake yi ran Lahadi? Sindre ya ce ya rubuta hawan dutse, da lemo da cakulan a jaka, kamar kowa a garin nan. Ifrah ta rubuta girki da uwarta, gwaggonni su cika gida.

"Wane kowa, ɗan nema?" na ce masa. "A wajen wa na'urar ta koyi sanin ma'aikacin kirki, in ba tsofaffin ma'aikatansu ba? Kuma dukkansu ran Lahadi suna ina, in ba kan dutse ba?"

Ya yi dariya, wai ni da ko ƙarar wayata ban iya ragewa ba.

Na ce Ifrah ta sake nema, ta sa hawan dutse. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba. To, sai muka mai da shi gaskiya. Na ja ta har kan dutsen Ulriken, gwiwoyina na kuka, ita tana mita, muka ɓare lemo cikin yayyafi.

Da aka sake buɗe gurbi ta nema, amsar nan kaɗai ta canza. Aka kira ta.

Ta shigo ba murmushi. "Kaka Gunvor, ni suka kira, ko lemon?"

"Je ki, 'yata. Lemo ba zai iya aikin ba."

Ta samu aikin. Sindre har yau cewa yake dace ne kawai, kuma ba ni da shaidar da zan ƙaryata shi. Ita kuwa ran Lahadi tana gindin tukunya. Ƙanwarta mai neman aiki ce ta aiko jiya, wai in ara mata takalman hawan dutse.