Muryar da Ke Bayan Kunnen Uwaliya

Uwaliya tana matsar man gyaɗa a tsakar gidanta a Gude ranar da ta fara jin muryar. Da kaka ne, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Murya ce ta mace, daga bayan kunnenta na hagu. Cewa ta yi, "Ta zuba ruwan zafi." Uwaliya kuwa ruwan zafin ta zuba a kan markaɗen gyaɗar. Ta waiwaya, ba kowa sai akuya a turke.

Muryar ba ta zagi, ba ta sa ta yin komai. Abin da Uwaliya ta yi kawai take faɗi, kamar mai ba makaho labari. "Ta ɗauki tsintsiya. Ta zauna. Ta kalli bango." Sati uku ba ta gaya wa kowa ba, sai da mijinta Tasi'u, mai gyaran keke a bakin kasuwa, ya tarar da ita tana cewa "na ji" alhali ita kaɗai ce a ɗaki.

Tasi'u ya ce aljana ce, ya kai ta Kabo wurin wani malami mai ruƙiyya. Malamin ya yi karatu har muryarsa ta dishe, ya yayyafa mata ruwa, ya tambayi aljanar sunanta da addininta. Matan da aka yi wa kafin ita duk sun faɗi suna kururuwa. Ita tana zaune, tana jin ana cewa, "Ta ji sanyi a wuya." Malamin ya ce mai taurin kai ce, ya ba su man zaitun da habbatussauda. Sau huɗu suka koma.

Daga nan wata maƙwabciya ta ce su gwada asibiti a Gwarzo. Lokacin ana wahalar man fetur, tun hantsi suke bakin titi, sai azahar suka sami mota. Ma'aikacin jinyar da ya duba ta ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ya rubuta magani, suka sayo a kemis. Ƙananan ƙwayoyi ne farare. Da ta fara sha, muryar ta yi nisa, kamar rediyon gidan maƙwabta. Amma bakinta ya bushe, hannunta ya riƙa rawa har ta kasa mulmula ƙuli-ƙuli, kuma abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya. Yara su yi mata magana, sai sun maimaita sau biyu.

Da bazara mahaifinta ya rasu. Ta zauna a wurin makoki kwana uku tana amsa gaisuwa, tana jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Bai zo ba. Can nesa muryar ta ce, "Ba ta yi kuka ba."

A wurin makokin ne Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifin, ta ja ta bayan rumbu. Tsohuwar a Getso take zaune. Ta daɗe tana bori, amma tun da aka hana wasan ta ninke kayanta ta rufe a kwalla, ta shiga Islamiyyar matan aure.

Ta ce, "Uwaliya, naki mace ce ko namiji?"

"Mace ce, Gwaggo."

"Nawa biyu ne. Na bar bori, su ba su bar ni ba. Da can na ce iskoki ne, yanzu ban san me zan ce ba. Na dai ba su lokaci. Bayan la'asar nakan zauna su faɗi nasu. In suka zo da safe, sai in ce ba yanzu ba."

"Suna ji?"

"Ba kullum ba. Kin taɓa tambayarta abin da take so?"

Da ta koma gida ta gwada. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta tambaya a hankali. Muryar ta ce, "Ta yi tambaya." Iyakar amsar ke nan. Uwaliya ta zauna har inuwa ta kai bakin ƙofa, sannan ta tashi ta hura wuta.

Ta koma Gwarzo ta nuna wa ma'aikacin jinyar hannunta. Ya rage mata maganin zuwa rabin ƙwaya. Muryar ta matso kusa, hannun ya ɗan lafa, ta ci gaba da sana'arta. Tasi'u bai daina kawo man zaitun ba, ita ma ba ta hana shi ba, tana shafawa tana kuma shan ƙwayar. Kullum bayan la'asar takan zauna a gindin darbejiyar, yara sun saba, ba sa zuwa kusa. In muryar ta dame ta da safe, sai ta kai gyaɗa injin markaɗe da kanta, ta tsaya kusa da ƙarar har a gama.

A damina ta biyu muryar ta yi shiru kwana uku a jere. Uwaliya ba ta yi murna ba, ba ta kuma damu ba. A kwana na biyu dai ta sa gishiri sau biyu a miyar kuka, don ba wanda ya ce ta riga ta sa. Tasi'u ya ci rabin tuwonsa, ya sha ruwa, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau.

A kwana na huɗu tana ɗaura wa ƙaramar 'yarta Najiba ɗankwali za ta makaranta, aka ce, "Ta ɗaure shi a karkace." Uwaliya ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.