Tukunyar da Fibi Ta Kife

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

To, akwai wata mata a unguwar Luggere ana ce mata Mama Fibi. Gudu ne ya kawo ta Jimeta, shekarar da 'yan Boko Haram suka kwararo kan garuruwan duwatsu na wajen Michika. Ita da mijinta Absalom suka taso a ƙafa, shi da harsashi a cinya. Kwana huɗu yana jan jiki. A na biyar ya zauna gindin wata tsamiya, bayan wani ƙauye da kowa ya watse, ya ce, "Fibi, in ƙura ta lafa, ki mai da ni dutsenmu, kusa da babana." Ta ce to. Kafin azahar ya cika.

Wasu masu gudu suka taya ta tona rami. A al'adar mutanen duwatsun nan kuwa ba a barin kabari sai an kife tukunya a kai. Ta shiga ƙauyen, ta tarar da gidan wata maginiya a buɗe, sababbin tukwane a jere. Ta suri ta farko da hannunta ya kai, mai zanen igiya a wuya, ta kife, tana cewa a ranta, ko shekara nawa aka yi zan gane wannan.

Shekara goma aka yi. Biyu a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, sauran a ɗakin da ɗanta Zadok ya kama mata bayan ya samu aikin koyarwa. Sai bara likita ya ce idonta na mutuwa, kafin damina ba za ta bambance mutum da kututture ba. Ita kaɗai kuwa ta san tukunyar nan.

Maƙwabcinsu Celestine, wani Ibo mai shagon kayan coci, zai kai ruwan inabin jibin Ubangiji wajen Hong da a-kori-kurarsa, ya ce su zo. Zadok ya sa shebur da farin ƙyalle da ƙaramin akwati a baya. Mama Fibi ta rungume wata 'yar gora a cinya.

Suna kan gadar Binuwai, masunta na jan taru a bakin yashi, Zadok ya shinshina.

"Mama, burkutu ne a gorar nan?"

"Na babanka ne. Kafin a tashe shi sai an ba shi ya sha."

"Ni fa ina cikin mawaƙan coci."

"Ai ban ce ka ɗanɗana ba."

Celestine ya yi dariya. "Malam, ƙyale Mama. Kwalba sittin nake ɗauke da su a baya, kuma fasto ne ya aiko ni."

Suka wuce Girei, suka wuce Song inda duwatsu ke tsaye kamar an dasa su. Daga Gombi dariya ta ƙare. Shingen soja, gonakin gyaɗa, wata makaranta ba rufi, ciyawa ta fito ta tagoginta. Mama Fibi na kallo ido a kanne, duwatsun sun zama mata inuwa kawai. A Hong aka sauke kwalabe duka, suka bar kwalta suka kama hanyar ƙasa.

Ta gane ƙauyen da wani dutse mai tsagewa biyu. Tsamiyar ce babu, ko kututturenta. Wata tsohuwa mai yumɓu a hannu ta fito, ta ce sunanta Kezia, masu gawayi ne suka cinye tsamiyar tuntuni. Da ta ji abin da ya kawo su, ta ce, "Zo, 'yar'uwa."

Ta kai su bayan gonar dawa. Ga tukwane a kife, an share kewayensu tas. Kowace da zanen igiya a wuya.

"Nawa ne duka," in ji Kezia. "Goma sha bakwai na bari a tsakar gida ranar da muka gudu. Da na dawo, nan na same su. Duk wanda ya binne nasa, gidana ya shiga."

Mama Fibi ta durƙusa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, tana kai fuska har hancinta na taɓa yumɓu. Hannu ɗaya ne ya gina su, wuta ɗaya ta gasa su.

Zadok ya ce, "Mama, mu gwada na tsakiyar nan. Kin ce da harsashi a cinyarsa, da shi za mu gane shi."

"In ba shi ba ne fa? Sai mu tone na gaba? Matar wani ma tana nan tafe da sheburinta." Ta miƙe da ƙyar. "Mai da shebur mota."

Ta buɗe gorar. Abin mutum ɗaya ta dafa, sai ta shiga ɗiga wa kowace tukunya kaɗan, tana cewa, "Absalom, in kai ne, na zo. Ban iya ba." A ta goma sha huɗu gorar ta ƙare. Ta girgiza ta, ko ɗigo. Ta tsaya tana duban ukun da suka rage.

Celestine ya ce a hankali, "Da na sani da na rage kwalba ɗaya."

Mama Fibi ta toshe gorar, suka koma mota.

Mama Fibi ta makance kafin damina ta tsaya, tana nan Luggere, kuma har yau cewa take Absalom yana cikin ukun nan. Zadok ya ajiye akwatin a ƙarƙashin gado, ba komai a ciki. Celestine na kai kayansa Hong. Kezia na share kewayen tukwanenta, amma ta daina sa musu zanen igiya. Absalom yana inda aka bar shi.