Sista Ta Ajiye Farar Riga

Shekara goma sha shida ta yi tana aikin jinya a ɗakin masu karaya, har sunan Sista ya bi ta gida. Ɗaga majinyata da juya su ne ya cinye mata baya. Ranar da likitan ƙashi ya ce in ta ci gaba, wata rana ita za a riƙa juyawa, ta dawo gida ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba.

Ƙanwarta ce ta kawo maganar kwas ɗin tsaron kwamfuta. "Yaya, ke da ko allura ɗaya ta ɓace sai kin gano inda ta shiga? Aikin nan bin diddigi ne, kuma a zaune ake yin sa."

Mahaifinsu bai so ba. Tun rasuwar mamansu yake zaune a gidanta, kuma ba baƙon da zai shigo ya fita bai ji cewa 'yarsa nas ce ba.

"Yanzu in an tambaye ni in ce me? Mai gadin na'ura?"

"Ka faɗi hakan, Baba. Ba ƙarya ka yi ba."

Kwana biyu yana shan ƙamshi. A na uku da safe ta same shi a kan tebur, tabarau a ƙarshen hanci, yana jujjuya 'yan katunan da ta rubuta tambayoyin jarrabawa a kansu.

"Zauna," in ji shi. "Saƙon yaudara, ta yaya ake gane shi?"

Wata tara suka yi a haka. Yana karya kalmomin Turancin yadda ya ga dama, tana dariya tana dafe baya. Jarrabawar farko ta faɗi da maki kaɗan. Baba ya ce masu makin ne ba su san aikinsu ba. Ta ce ai na'ura ce ke yi. "To, kin ji dalili," in ji shi. A ta biyu ta ci.

Wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke ta. Ɗaki ne mai sanyi, kowa da allo biyu a gabansa, kuma duk ta girme su. Mako biyar ba abin da take yi sai duba jerin gargaɗin da na'ura ke fitarwa, tana tambayar abin da su a wurinsu ruwan sha ne.

Wata Talata da hantsi, dattijon da ke kula da sito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na yi ɓarna," ya ce. "Saƙo ne ya zo da sunan manaja, na buɗe."

Shugaban sashen ya miƙe zai fara faɗa, Sista ta riga shi zuwa ƙofa. Ta bi dattijon har sito, ta zare wayar intanet daga bayan kwamfutarsa, ta jawo masa kujera, ta miƙa masa ruwa.

"Sha tukuna, Kawu. Ƙarfe nawa ka buɗe? Ka rubuta kalmar sirrinka?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce a hankali, "'Yata, korata za su yi? Wata biyu ya rage in yi ritaya."

"Da ka ɓoye ne da mun shiga uku. Kai kuwa ko minti goma ba ka yi ba ka zo."

Kafin la'asar suka tabbatar abin bai wuce na'urarsa ba. Suka toshe mai aiko saƙon, suka goge shi daga akwatin wasu mutum huɗu da ba su kai ga buɗewa ba. Da ta zo rubuta rahoto, saurin zuwan dattijon ta sa a layin farko.

Da yamma ta tarar da Baba a baranda, ta kwashe labarin ta ba shi. Ko kalma ɗaya bai tambaya a kan kwamfutar ba.

"Shekarunsa nawa?"

"Ka girme shi kaɗan."

Ya matsa mata wuri a kan benci.

"Gobe ki leƙa shi. Irinmu in muka yi kuskure a gaban yara, kunyar ta fi komai ciwo."

Ta ce to, ta jingina kanta a kafaɗarsa.