Ranar da Chester Ya Buɗe Baki

Mijina Chester bai iya kallon besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da kulki, kamar sauran bayin Allah ba. Tun muna sabon aure muke zama a layi na biyu bayan rumfar 'yan wasanmu, kuma ba mai jifa ko alƙalin wasan da ya taɓa ratsa garin nan bai sha zagi daga bakinsa ba. Ga camfi kamar me. In ƙungiyarmu ta ci wasa yana sanye da wata safa, to safar nan ba za ta ga ruwa ba sai ranar da aka sha kashi. Ni ke wanki, ni na san abin da hancina ya gani.

Duk wannan abin dariya ne har zuwa bana, da ƙungiyar ta ɗauki ɗanmu Neil a matsayin mai jifa. Neil ya kusa talatin, kuma bara waccan aka farke masa gwiwar hannun dama aka ɗinke jijiya. Likita ya faɗa a gabanmu cewa in ta sake tsinkewa, ba jifa ba, ko ɗaga 'yarsa sama sai da dabara. Tun daga ranar nake lallaɓa hannun nan a zuciyata kamar ƙwai a cokali.

Wasansa na farko a Afrilu bai yi kyau ba. Duk ƙwallon da ya jefa sai an narka mata kulki ta wuce katanga. Ina cikin addu'a sai na ji Chester ya miƙe.

"Kai! Kakarka ta fi ka ƙarfin hannu, kuma tana kabari!"

Mutane suka kwashe da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da yamma Neil ya zo gida, ya tsaya a ƙofar kicin ko jaket bai cire ba.

"Baba, filin nan kaf ihu ake min, amma muryarka kaɗai na ji. In ba za ka iya riƙe bakinka ba, ka zauna a gida."

"Ai haka nake yi wa kowa," in ji Chester.

"Kowa ɗanka ne?"

Daga nan magana ta yanke tsakaninsu. Ƙungiya kuma ta ci gaba da shan kashi, Chester ya canza safa, ya canza hula, ya canza hanyar da muke bi zuwa fili, har ya ce ni ce matsalar don na koma zama a hagunsa. Amma duk ranar da Neil ke jifa, sai ya cika bakinsa da gyaɗa ya yi ta tauna, jijiyoyin wuyansa a tashe. Na tausaya masa, ban dai nuna ba.

Ranar Lahadin ƙarshen wata, da rana, iska mai sanyi na kaɗowa daga tafki, Neil ya hau tudun jifa kamar wani mutum daban. Zagaye na farko ya wuce, na biyu, na uku, ba wanda ya buga ƙwallonsa ya tsira. Kafin a kai na shida kowa ya ga sifirin da ke kan allo, kuma kowa ya kama bakinsa. Haka dokar take tun kakanninmu: mai jifa in ya kama hanyar gama wasa ba a buga masa ko ɗaya ba, ba a ambata don kada sa'ar ta ɓaci, ba a nunawa da yatsa, ko abokan wasansa ba sa yi masa magana. Ina hango Neil a ƙarshen benci shi kaɗai, sauran sun ja gefe kamar mai cutar da ake ɗauka.

Wani baƙo a bayanmu ya ce, "Kai, ashe har yanzu ba wanda ya..."

Lonnie, maƙwabcin kujerarmu, ya maka masa hula a baki. "Ci sosej ɗinka, malam. Ba a tambaye ka ba."

Chester bai taɓa ganin irin wannan wasa da idonsa ba, ubansa ma har ya mutu bai gani ba. Ya daskare a yadda yake tun zagaye na huɗu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofin kofi da ya huce a hannu. Na motsa zan je banɗaki, ya damƙe gwiwata.

"Bernice, in kika tashi daga kujerar nan na sake ki."

"Ka daɗe ba ka sake ni ba," na ce, amma na zauna.

A zagaye na takwas ne kofin ya suɓuce masa.

"Kin gani?" ya ce ƙasa-ƙasa.

Na gani. Bayan kowace jifa Neil yana buɗe yatsunsa yana rufewa, yana goga ƙaramin a jikin wando.

"Sanyi ne," na ce.

"Ba sanyi ba ne. Haka ya riƙa yi kafin jijiyar ta tsinke wancan karon. Yatsan ya mutu, ba ya jin sa."

Na kalli Hutchins, kocin, yana tsaye bakin rumfa yana kallon takalminsa. Da wata rana ce da tuni ya je ya tambayi yaron ya hannu. Yau kuwa ba mai son a ce shi ya ɓata, kuma na san ɗana, ko hannun zai faɗi ƙasa ba zai ce uffan ba. Ya gama zagayen, ya koma ƙarshen benci, ya rufe hannun da tawul. Ba wanda ya je kusa da shi.

Da ya fito zagaye na tara, na ƙarshe, saura masu bugu uku ya fitar a gama, filin kaf ya miƙe. Mai bugu na farko ya fita, amma a jifar da ta fitar da shi na ga Neil ya cije leɓe ya juya wa jama'a baya. Chester ya sauke ƙafarsa. Na riƙe masa jaket da hannu biyu.

"Chester, ka rufa min asiri. In ka buɗe baki yanzu, yaron nan ba zai sake kallonka ba."

"Na sani," ya ce, ya fizge.

Ya kama ƙarfen gaba, ya saki muryar nan da duk garin ya sani.

"Hutchins! Cire shi! Hannunsa ya tafi! Ba wanda ya buga masa ko ɗaya, to na faɗa, kowa ya ji, na ɓata! Yanzu me kake jira? Je ka cire shi!"

Filin ya fashe a kanmu. Ɓawon gyaɗa, kofuna, har rabin burodin wani ya same ni a kafaɗa.

"Ka haukace ne, tsohon banza?" Lonnie ke ihu. "Ɗanka ne fa!"

Neil ya juyo ya kalli ubansa. Ban taɓa ganin irin wannan kallo a fuskarsa ba, kuma ba na fatan in sake gani. Amma Hutchins ya ɗago kai. Ya taka zuwa tudun da mai duba lafiyar 'yan wasa, suka miƙa wa Neil hannu ya matse. Ko daga inda nake na ga bai matsu ba. Hutchins ya karɓi ƙwallon.

Wanda ya canje shi, jifarsa ta farko aka buga ta wuce, sifirin ya sauka daga allo. Wani ya tofa yawu kusa da takalmin Chester. Shi dai yana zaune, hula a cinya, ya tsufa a idona lokaci guda.

Muka jira a wurin ajiye motoci har fili ya watse. Can Neil ya fito, hannun naɗe da ƙanƙara tun daga kafaɗa.

"Me suka ce?" na tambaya.

"Sai an ɗauki hoto gobe, Mama. Wataƙila ba ta ƙarasa tsinkewa ba. Wataƙila." Ya juya ga ubansa. "Saura mutum biyu, Baba."

"Na sani."

"Ba zan sake samun irin wannan ranar ba."

"Na sani, ɗana."

Neil ya tsaya bakin motarsa yana ƙoƙarin cusa hannun hagu a aljihun dama. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya kasa. Na yunƙura zan taimaka, sai ya juya wa uban gefensa, idonsa na kallon wani wuri.

"Makullin na ciki. Ciro, kai za ka tuƙa."

Chester ya ciro makullin, ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa zai ɗauka, ya daɗe a durƙushe bai ɗago ba.