Ramin Noti a Motar Kaka

Motar kakanmu ta shekara hamsin a kan titi ba bel ɗin kujera ko ɗaya, kuma abin haushi, alfahari ake yi da hakan a gidanmu. Ni kuwa na rantse matata ba za ta zauna a gabanta da cikin wata bakwai ba sai an saka.

"Kai da bokonka," in ji Kawu. "Mu da muka tsufa a cikinta, mutuwa muka yi?"

Na sayo bel biyu irin waɗanda masu duba motoci ke amincewa da su, na kai wa wani tsohon makanike, Dogo. Na nuna masa inda zai huda.

"Nan? Ɗana, ƙarfen nan bai fi gwangwanin madara kauri ba. Birki ɗaya zai yage."

Ya lumshe ido, ya riƙa bin ginshiƙin ƙofa da babban yatsa a kan tsohon yadin da ya rufe shi. Can ya tsaya, ya tsaga da reza. Sai ga ramin noti, an toshe shi da roba, ko tsatsa babu. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ga sauran.

"Maƙeranta sun tanada. Mutanenku ne ba su saka ba."

Noti ya shige sumul. Tun ba a haifi mahaifiyata ba, wani da ban sani ba ya yi wannan tanadin.

Dogo ya fizgi bel ɗin da ƙarfinsa duka. Motar ta girgiza, noti bai motsa ba.

"To, je ka ɗauko matar taka."